Narkar da mushen kare da ruwa: abin da wani asibitin dabbobi a Yamai ya gwada, da inda ya tsaya

Wurin da mutanensa

Asibitin ƙarami ne, na kuɗi, a wata unguwa ta Yamai da ke gangaren kogin Isa. Ɗaki biyu ne da rumfa, sai ɗan fili a baya mai tsawon mita 10 da faɗin mita 8. Mai shi likitan dabbobi ne ɗan asalin Tawa, kowa Lokotoro yake ce masa. Yana da mataimaki guda, saurayi, da wani dattijo mai gadi da ake kira Baba.

Yawancin aikin na tumaki ne da awaki da kaji, musamman gab da babbar salla. Amma akwai masu kawo karnuka da kyanwoyi: ma'aikatan ƙungiyoyin waje, ƴan ƙasa da suka yi zama a Turai, ƴan kasuwa masu karnukan gadi, da wasu ƴan arewa masu kiwon dogon karen nan na Azawak.

Rago idan ya kusa mutuwa yanka shi ake yi, idan kuma ya riga ya mutu mai shi ya san inda zai kai shi. Kare daban ne. Wanda ke gidan haya mai daɓen siminti ba shi da inda zai haƙa rami, sai ya biya kuɗin magani, ya share hawaye, ya bar wa asibiti mushen. A wata ana samun biyu ko uku, lokacin zafi kuma su fi haka.

Abin da aka saba a gari shi ne a ja mushe da dare a jefa a juji ko a kwari. Lokotoro bai taɓa yarda da wannan ba, kuma dalilinsa na aiki ne. Dabbar da ciwonta ya ƙi magani allurar pentobarbital ake yi mata don ta huta, kuma maganin yana nan a cikin naman bayan ta mutu. Duk abin da ya ci, karen unguwa ne ko ungulu, zai iya bin ta. Ungulun gari kuwa tun 2015 aka sa ta a jerin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Saboda haka tun da aka buɗe asibitin, a filin baya ake binnewa.

Afrilu 2024: fili ya cika

Zafin farkon Afrilun 2024 kowa a yankin Sahel ya ji shi a jikinsa. A Yamai dama ma'aunin zafi yakan wuce digiri 40 a wannan watan, kuma a irin wannan yanayi mushe ba ya kwana bai kumbura ba. Wutar lantarki ba ta tsayawa balle a ce a ajiye shi a sanyi. Tun da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a Agustan 2023 aka shiga wahala, kuma ko da aka ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, ɗaukewar wuta lokacin zafi ba ta daina ba.

Dole sai a haƙa a ranar. Ƙasa ta yi tauri, Baba kuma ƙarfinsa ya ja baya, sai ramukan suka riƙa tsayawa a santimita 60 zuwa 70. A ƙarshen watan, duk inda ya sa diga sai ya tono ƙashin wani karen da aka binne a baya.

Agusta 2024: ruwa ya tona asiri

Daminar 2024 ta zo da ambaliya a faɗin ƙasar. Unguwar ba ta nutse ba, amma ruwa ya kwanta a filin baya kusan mako biyu. Ramukan bazara suka lotsa, wari ya tashi, ƙudaje suka cika rumfar da ake duba dabbobi. Rijiyar maƙwabci tana bayan katanga, tazarar ba ta kai mita 15 ba. Ba ruwan sha ba ne, amma da shi ake wanke-wanke da wankan yara.

Maƙwabcin ya zo da kansa bayan la'asar.

"Lokotoro, mun daɗe tare, ban taɓa kawo maka ƙara ba. Amma iyali sun daina ɗibar ruwan rijiya."

"Gaskiyarka, Alhaji. Ka ba ni kwana kaɗan, in Allah ya yarda ba a ƙara binne komi a nan."

Maganar ta kai ga mai unguwa, amma ba ta wuce nan ba, domin an cika alkawari: aka zuba yashi da tsakuwa a filin, aka rufe shi. Don a san girman kuskuren, a Ingila ƙa'idar binne dabba ita ce ramin ya yi nisan mita 250 da rijiyar da ake sha, mita 30 da kowane rafi, a kuma samu ƙasa mai kaurin mita 1 a saman mushen. Fili irin na asibitin, mai rijiya a bayan katanga, bai ko kusa da irin wannan tazara ba.

Oktoba 2024: ƙonawa

Aka koma ga wuta. Suka ɗauki mushen wani karen gadi mai kilo 25 zuwa bayan gari, da itace, da tsofaffin tayu biyu, da jarkar gazuwal. Tun hantsi har azahar ana ƙara itace, amma da wutar ta mutu ƙirji da ƙugu suna nan baƙi ƙirin, sai da aka haƙa rami aka binne sauran.

Ba abin mamaki ba ne. Kusan kashi biyu cikin uku na jikin dabba ruwa ne, wutar fili kuma zafinta sama yake gudu. Tandar da aka gina don wannan aiki a rufe take, tana kai digiri 760 zuwa 980, kuma tana da ɗaki na biyu da ke ƙone hayaƙin kansa. Hayaƙin taya kuwa ya sa masu gonakin kusa suka zo suna tambayar abin da ake yi. A karo na biyu Baba ya ƙi shiga mota. Ya ce, "Lokotoro, ka yi mini aikin gafara. Abin da na ba abinci da hannuna ba na iya tsayawa ina kallo yana cin wuta." Daga nan aka bar ƙonawa. Na ɗan lokaci, sai aka riƙa biyan wani mai amalanke yana kai mushen nesa ya binne, ba tare da wani ya tabbatar da zurfin ramin ba.

Disamba 2024: labarin ruwa ya iso

Wata Hajiya ce ta kawo maganar, tsohuwar malamar makaranta mai karyar Azawak da ta haura shekara goma sha biyu, ƙodarta ta fara gazawa. Ƴarta da ke Kanada ta turo mata bidiyo ta WhatsApp na wani gida da ke narkar da mushen karnuka da ruwa, ya mayar wa mai kare garin ƙashin a cikin ɗan tulu. Ta miƙa wa Lokotoro wayar ta ce, "Ɗana, duba mini wannan. In ranarta ta zo, ba na son a jefar da ita, ba na kuma son wuta."

Hanyar ba sabuwa ba ce. A 1888 wani mai suna Amos Herbert Hobson ya yi mata rajista a Amurka don mayar da ƙasusuwa da ragowar dabbobi taki. A farkon shekarun 1990 wasu malamai biyu na kwalejin likitanci ta Albany a Amurka, Gordon Kaye da Peter Weber, suka gyara ta don kawar da dabbobin da aka yi bincike da su. Daga baya ta shiga asibitocin dabbobi, har ta kai ga mutane a wasu ƙasashe. Mutane da yawa a Afirka sun fara jin labarinta ne lokacin rasuwar Desmond Tutu, babban limamin cocin nan na Afirka ta Kudu, a Disamban 2021, domin ita aka yi wa gawarsa.

Yadda take aiki: ana sa mushen a kwandon ƙarfe cikin tukunyar inoks, ƙarfen nan da ba ya tsatsa, a zuba ruwa kusan kashi 95 cikin ɗari da sinadari mai kaifi kusan kashi 5. Sinadarin ko dai soda ce irin ta masu yin sabulu, ko ƴar'uwarta ta potasiyom. Sai a ɗumama, ruwan yana zagayawa a hankali. Injin da ke aiki da matsi yana kai digiri 150 ya gama cikin awa huɗu zuwa shida. Wanda aka fi yi wa karnuka da kyanwoyi ba ya kai tafasa, yana tsayawa ƙasa kaɗan da digiri 100, shi ya sa yake cin awa 18 zuwa 20. Nama da fata da gashi su narke, kitse ya haɗu da sinadarin ya zama sabulu. Abu biyu ke saura: ƙashi fari mai taushi da ake shanyawa a niƙa, da ruwa mai launin shayi. Babu hayaƙi, kuma masu sayar da injinan suna cewa makamashin da yake ci bai wuce kashi ɗaya cikin goma na abin da tandar wuta ke ci ba.

Lokotoro ya fara da liman, domin ya san tambayar da za a yi masa a unguwa. Liman ya ce mushen dabba ba shi da wanka ba shi da salla, abin da ake nema kawai a kawar da cutarwarsa ga jama'a, kuma muddin maganar ba ta shafi ɗan Adam ba, wanda haƙƙinsa kabari ne, shi bai ga abin hani ba.

Sai ya rubuta wa masu sayar da injin. Amsar da ta zo ta sanyaya masa gwiwa. Kuɗin ƙaramin inji miliyoyin sefa ne masu yawa, kafin a yi maganar jirgin ruwa da duwan, ga shi iyakar Benin a rufe, kaya sai sun zagayo ta Lome su ratsa Burkina. Injin yana son wuta ba yankewa kusan kwana guda, wato janareta da gazuwal. Sinadarin potasiyom shi ma daga waje za a riƙa kawo shi. A ƙasan takardar akwai layi ɗaya da bai tsaya a kansa ba a lokacin: a nemi izinin hukumar da ke tace ƙazamin ruwan gari kafin a zuba ruwan da ya rage a bututunta.

Janairu 2025: gwajin tano

Mataimakin ne ya matsa a gwada da kayan gida. Aka yi amfani da mushen wani ɗan akuya da aka haifa ba rai.

Ya fara da kanwa, don ita ce a hannu kuma da araha. Bayan yini guda a wuta abin da aka samu dafaffen mushe ne mai wari. Kaifin kanwa bai kusa na soda ba. Washegari ya sayo soda wurin masu sabulu, ya zuba a babbar tukunyar dalma irin wadda ake ƙerawa a kasuwar Katako. Nan take ruwan ya fara tafasa da kansa yana kumfa, cikin tukunyar ya yi baƙi. Soda cin dalma take yi, kuma iskar da ke fita a lokacin mai kama wuta ce. Allah ya sa ba a kunna murhu ba tukuna, Lokotoro ya fito ya hana.

Na uku aka yi da tanon ƙarfe, da safar hannu da tabarau. Wannan ya yi aiki. Bayan kwana guda ana kula da wuta, naman ya narke gaba ɗaya, ƙasusuwan suka taru a ƙasa farare, ana murza su da yatsa suna farfashewa. Hajiya da aka nuna mata hoton ta yi murna.

Amma ga tano rabinsa cike da ruwa, wajen lita 100, mai santsi, mai warin fitsarin dabbobi haɗe da sabulu. Takardar gwajin kaifi da aka tsoma ta nuna launin ƙarshe na ma'auninta. Ina za a kai shi?

Yamai ba ta da bututun ƙazamin ruwa da ya ratsa gidajen gari. Kowane gida ramin masai gare shi, mota ta zo ta kwashe idan ya cika. Idan aka zuba a ramin asibitin, zai kashe ƙwayoyin da ke ruɓar da ƙazanta, ya kuma tsiyaya ta ƙarƙashin katanga zuwa rijiyar Alhaji. Idan aka zuba a magudanar titi, ƙarshensa kogi ne, inda masunta ke jefa taru, masu lambu ke jan ruwa, kamar yadda ruwan kwarin Gunti Yena yake gangarawa. A bidiyon ƴar Hajiya an ce ruwan taki ne. Haka ne, idan da potasiyom aka yi, aka kuma kashe kaifinsa aka sirka shi da ruwa mai yawa. Na soda gishirinsa ɓata ƙasa yake yi. Sun zuba bokiti ɗaya a kusurwar fili don su gani: ciyawar ta ƙone kafin gari ya waye, ƙasar ta yi farin ɓawo, har damina ta gaba ba abin da ya tsiro a wurin.

Wajen juye sauran a jarkoki, ruwan ya fallatsa wa mataimakin a hannu sama da inda safa ta tsaya. Bai ji zafi nan da nan ba, wanda shi ne sharrin soda, sai da fatar ta fara santsi. An wanke da ruwa mai yawa na tsawon lokaci, duk da haka ya bar tabo. Lokotoro ya rufe gwajin a ranar. Jarkokin sun yi makonni a rumfa ana kashe kaifinsu kaɗan-kaɗan kafin a rabu da su.

Fabrairu zuwa Satumba 2025: ruɓarwa cikin ɓuntu

Mafitar ta fito daga abin da manyan gidajen kiwo a Amurka suka daɗe suna yi da shanu da kajin da suka mutu: a lulluɓe mushe da busasshen kayan shuka, a bar ƙwayoyin ƙasa su cinye shi da zafin kansu.

Wani ɗan'uwan Lokotoro yana da gona a kan tudu, hanyar Wallam, jar ƙasa mai tsakuwa, ruwan ƙasa can nesa, babu rijiya kusa. Aka gina ɗakuna uku na bulo marasa ƙofa, kowanne mita 2 a kan 2, da rufin kwano da ragar waya saboda karnukan daji. A ƙasa ana shimfiɗa ɓuntun shinkafa da garin katako mai kaurin santimita 60. Ɓuntun daga masu casar shinkafar bakin kogi ake samo shi, garin katakon kuma kafintoci kyauta suke bayarwa don a rage musu shara. A ɗora mushen a tsakiya, a zuba ɗanyen takin shanu, a rufe da wani santimita 60 ta kowane gefe. A asibiti kuma aka sayi firigo mai daskarwa da ke aiki da hasken rana, sai tafiya gonar ta koma sau ɗaya a mako.

Tulin farko bai yi ba. Littattafan da aka bi an rubuta su ne don ƙasashe masu laima, inda damuwar ita ce kada ruwa ya yi yawa. Iskar Yamai a Fabrairu ta shanye tulin cikin kwanaki, da aka buɗe bayan mako shida sai aka tarar kyanwar ta ƙandare kamar kilishi, ko gashinta bai zube ba. Gyaran mai sauƙi ne: a jiƙa ɓuntun tun kafin a shimfiɗa, har idan aka matsa a tafin hannu ya dunƙule ba tare da ya ɗiga ba, a rufe saman da tsofaffin buhuna, a yayyafa ruwa duk mako. Bayan haka ma'aunin zafi mai dogon tsinke ya riƙa nuna digiri 55 zuwa 60 a tsakiyar tuli. Yaron gonar ba ya karanta ma'auni, sai aka ba shi sandar ƙarfe ya riƙa cakawa ya bar ta minti biyar. In ta fito da zafin da ba a iya riƙewa, aiki na tafiya.

Kyanwa tana ƙarewa cikin wata biyu zuwa uku, babban kare wata huɗu zuwa shida. Ana tankaɗe ƙasusuwan, a wanke, a shanya. Mafi yawan masu dabbobin ba sa komowa neman su, sai a binne a nan gonar. Karyar Hajiya ta mutu a Maris. A Satumba aka kai mata ƙasusuwan a naɗe cikin farin ƙyalle, jikanta ya haƙa rami a gindin mangwaron gidan.

Takin ba a sa shi a lambu, domin ragowar pentobarbital tana iya daɗewa a ciki. Gindin dogon yaro da aka dasa a iyakar gonar ake zuba shi. Akwai kuma mushen da ba ya shiga tuli ko kaɗan. Karen da ake zargin yana da ciwon hauka, hukumar kiwo ake sanarwa, a kai abin gwaji babban ɗakin binciken dabbobi na ƙasa, Labosel. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci ko dubura, wato alamar ciwon saifa, ba a buɗe ta ba a ɗaga ta, domin ƙwayar saifa tana shekaru gomomi a cikin ƙasa, kuma zafin tuli ba ya kashe ta.

Daminar 2025 ta wuce babu wari a asibiti ko a gona, gidan Alhaji kuma sun koma ɗibar rijiyarsu.

Abin da lamarin ya nuna

Narkarwa da ruwa ba yaudara ba ce. Ko a tano ta yi abin da aka ce tana yi, kuma ta fi wutar taya tsabta nesa ba kusa ba. Sai dai lissafin da ake yi na cewa ba ta cutar da muhalli an yi shi ne a garuruwan da ke da wuta mai tsayawa, da sinadarin potasiyom a kasuwa, da bututun da ke kai ruwan da ya rage gidan tacewa. Wannan na ƙarshen shi ne ginshiƙin, kuma ba ya zuwa cikin akwatin inji. A ganina kuskuren asibitin bai wuce na tsallake layin nan na ƙasan takarda ba. Da an fara da tambayar inda ruwan zai je, da ba a kai ga tano ba, da mataimakin bai samu tabo ba. Kada wani mai asibiti ya maimaita wannan gwajin.

Ruɓarwa cikin ɓuntu ta yi nasara ne don duk abin da take buƙata yana nan: tudu, shara daga shinkafa da katako, zafin rana, da mutum guda mai yayyafa ruwa. Tana da nata rauni. Tana cin watanni, tana son fili, kuma ta gaza a daidai inda haɗari ya fi yawa, wato mushen dabba mai cutar da ke kama mutane.

A nan ne injin ruwa yake da gurbi a Yamai, amma babba mai matsi, ba na ƙaramin asibiti ba. Tarayyar Turai ta amince da shi tun 2005 don ragowar dabbobi masu haɗari, bisa sharaɗin digiri 150 na aƙalla awa uku, awa shida kuma ga masu cutar haukan shanu. Guda ɗaya a wuri irin mayanka ko ɗakin bincike, da tankin kashe kaifin ruwa da gonar itatuwa a gefe, zai ishi asibitocin gari duka, masu karnuka kuma su biya nasu kason. Lokotoro ya kawo maganar a tsakanin abokan aikinsa, har yanzu ba ta wuce baki ba. A halin da ake ciki wasu asibitoci biyu sun fara aiko masa da nasu mushen, ana kuma gina ɗaki na huɗu a gonar.